Ruwa ya daina hawa unguwarmu: mu sayi babban inji ko mu haƙa sabuwar rijiya?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za a zauna a ƙofar gidan dagaci a yanke magana, ni kuma ba na son in je in yi ta gyaɗa kai kan abin da ban gane ba.

Ni malamin firamare ne a wani gari na kudancin Jigawa, can wajen Birnin Kudu da Gwaram. An ɗora mini magatakardan kwamitin ruwa ne saboda ina iya riƙe littafi, ba don na san kan famfo ba. Shekara shida ke nan da aka yi mana aikin ruwa: rijiyar burtsatse guda a bakin fadama, injin sumo, wato famfon da ake zurawa can cikin ruwa, a cikinta, farantan sola 12, da tankunan roba huɗu, kowanne lita 5,000, a kan hasumiyar ƙarfe. Daga tankin aka ja bututu layi uku. Ɗaya ya bi kasuwa, ɗaya ya ratsa tsakiyar gari har masallacin Juma'a, na ukun ya hau unguwar tudu inda nake zaune. Wuraren ɗiba tara ne, kowanne da kan famfo huɗu.

Shekara biyun farko har mun manta inda muka ajiye guga. 'Yata ta fari, wadda a da sai ta je fadama sau biyu da tulu kafin ta sa kayan makaranta, ta koma tana ɗiba a bakin lungunmu. A ajina na gani da idona, yaran da suke zuwa a makare suna gyangyaɗi suka fara riga ni isowa. Tanki kuwa kafin azahar ya cika yana ambaliya, har muna faɗa da yara kan wasa a gindinsa.

Yanzu tun bazarar bara ruwa bai ƙara hawa tudu yadda ya kamata ba. Wata rana wajen ƙarfe ɗaya sai ka ji famfo yana huci, iska ce kawai ke fita, can ya zubo siriri kamar zare, kafin a cika jarka biyu ya ɗauke. 'Yan kasuwa da na tsakiyar gari suna samu, ko da yake su ma sun ce ƙarfinsa ya ragu. Tankin ba ya cika kuma. Inji ya ƙone sau biyu, na biyun a tsakiyar bazara, kuma kowane karo sai da aka bi gida-gida ana karo-karo, muka yi wata guda da ɗoriya ba ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duk lokacin da ruwa ya dawo bayan ya ɗauke, na farkon yakan zo ja-ja, da ɗan wari, sai an zubar da bokiti biyu ko uku yake washewa. 'Yata ta koma fadama. Ƙanenta ma yanzu yana bin ta da ƙaramin galan.

Gari ya rabu biyu. Wasu sun ce injin ne ƙarami, a tara kuɗi a sayo wanda ya fi shi ƙarfi a ƙara faranti. Mutanen unguwata sun ce a'a, a je a roƙi wani ɗan siyasa ya haƙa mana tamu rijiyar a kan tudu, kowa ya tsaya da tasa. Ni zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba, amma ba ni da hujja. Abin da kawai nake tambayar kaina: injin da ya ishe mu shekara biyu, yaya aka yi ya zama ƙarami, alhali garin bai ninka ba? Don Allah wanda ya san aikin nan ya haska mini.

Mai Gyaran Famfo:

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta ƙarshe ita ce maganar. Ka riƙe ta ka je da ita gaban dagaci, ka roƙi alfarmar mako biyu kafin a fitar da ko sisi.

Shekara goma sha tara ina wannan sana'a, daga Rano har Gaya babu irin garin da ban kwana ba saboda famfo, kuma abin da ka zana na sha ganinsa. Sau tari ba ruwa ne ya ƙare ba, hanyarsa ce ta yi ƙofofi.

Ka fara da awo, ba ya cin kuɗi. Da rana tsaka, lokacin da sola ke kan ƙarfinta, a kwance bututun da ke hawa tanki a tara jarka mai lita 25, kai kuma ka duba agogon wayarka. In ta cika a daƙiƙa 50, injinku yana ba da lita 1,800 a awa ke nan. In aka samu awa shida na rana mai kyau, lita 10,800, wato rabin tankunanku da ɗan ƙari. Ka rubuta abin da ka samu. Ka sake aunawa bayan awa biyu inji yana aiki. In ka ga ya ragu sosai, ko yana tofa iska, ko yashi yana kwanciya a gindin jarkar, to rijiyar ce take gaya maka ta gaji.

Awo na biyu shi ne na dare, kuma shi ne mai tona asiri. Ku rufe bawul ɗin fita har tankuna su cika. Bayan isha'i a sanar a masallatai cewa kada kowa ya taɓa famfo, a ɗaure duk kawunan, sannan a buɗe bawul. Ka zura kara mai tsabta ta saman tanki ka yi alama inda ruwa ya tsaya. Da asuba kafin kowa ya fito ka sake zurawa. Ba mai ɗiba, ba inji. Duk abin da ya ragu, ƙasa ce ta sha ko wani gida da ba ku sani ba. In ya ragu da yawa, dare na gaba ku rufe layin kasuwa ku sake, dare na uku ku rufe na tsakiyar gari. Layin da kuka rufe ragin ya tsaya, to nan ɓarnar take.

Game da tudu kuwa, ka gane wani abu da mutane ba sa ganewa. Ba inji ne ke tura ruwa cikin gari ba. Aikin inji ya ƙare da zarar ya kai ruwa tanki. Daga nan nauyin ruwan ne da tsayin hasumiya ke tura shi. A ce hasumiyarku mita tara ce, unguwarku kuma ta fi gindin hasumiyar tudu da mita biyar, to mita huɗu suka rage muku, kuma dogon bututu yana cin nasa kason a hanya. Ruwa ba ya hawa tudu alhali ga gangare a buɗe. Kowane yoyo da ke ƙasan gari, kowane tiyo da aka jona, daga rabon mutanen tudu ake cire shi, don su ne na ƙarshe a layi. Ko injin jirgi kuka sa a rijiyar nan, in tanki ba ya riƙe ruwa, tudu ba zai gani ba.

Babban inji ma zai iya jawo muku asara. Ƙasarku ta dutse ce. Ba kamar Hadejia ko Gumel ba, inda ake haƙa cikin yashi a tarar da ruwa shimfiɗe. Ku naku yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagogi, a hankali yake tsatsafowa, kuma da bazara yana yin ƙasa. Sumo da ruwan da yake ja yake sanyaya jikinsa. In ya zuƙe rijiya ya ci gaba da juyawa a bushe, sai ya ƙone. Na biyun da ya ƙone muku a tsakiyar bazara, ina kyautata zaton haka ya mutu. Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa sama da injin kaɗan, in ruwa ya yi ƙasa da ita sai ta kashe shi. Wasu masu haɗawa, in ta dame su da kashewa, sai su haɗe wayarta a akwatin wutar injin su tafi, mai gari yana murna inji ba ya tsayawa. Ka sa a buɗe akwatin a duba. Kuma ku nemi takardar rijiyar daga wanda ya haƙa: zurfinta, inda ruwa ya tsaya, da lita nawa take bayarwa a awa. Da wannan ake zaɓen inji, ba da girman gari ba.

Faranti kuma, yaushe rabon da a wanke su? Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta rage musu ƙarfi. Da sassafe kafin su yi zafi, ruwa da tsumma mai laushi, sau ɗaya a mako. Ka duba ko darbejiyar da aka dasa shekara shida da suka wuce ta girma tana yi musu inuwa, don inuwa a kan guda ɗaya takan ja na layinsa duka ƙasa.

Sai kawunan famfo. Kuna da 36. Wanda ke ɗiga ɗigo ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 20 a kwana guda, kuma na tabbata naku ba ɗigo suke yi ba, an ɗaure su da roba ne suna tsiyaya. Waɗanda suka jona gida ba izini kuwa, ni shawarata a yanke su duka rana ɗaya, ba sani ba sabo.

Ɗan Acaɓa:

Ni dai Malam ku karɓi rijiyar ɗan siyasa in zai bayar. Kyauta ce. A garinmu haka muka yi, kowace unguwa da tata, rigima ta ƙare.

Malamin Firamare:

Ɗan'uwa na gode. Amma a kan tudun namu an taɓa gwadawa kafin wannan aikin, aka haƙa aka tarar da dutse, aka rufe ramin aka tafi. Shi ya sa aka kai ta bakin fadama. Kuma in mun kasa riƙe guda ɗaya, ina tsoron biyu.

Injiniya mai gyaran famfo, Allah ya saka da alheri. Na kwafe maganarka a littafin kwamiti. Faranti kam tun da aka kafa su ruwan sama ne kaɗai ke wanke su.

Malamar Asibiti:

Malam, ni maganar jan ruwan nan ce ta hana ni wucewa. Ina aiki a ƙaramin asibiti a karkarar Kano, kuma ina cikin waɗanda suka kwana a tsaye a daminar 2021, lokacin da amai da gudawa ya mamaye Arewa. A shekarar nan an lissafa fiye da mutum dubu ɗari da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar nan, fiye da dubu uku suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mun shimfiɗa tabarmi a baranda, muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. Ba na son in sake ganin wannan.

Bututu muddin yana cike da ruwa mai ƙarfi, in ya tsage waje yake fesawa. Amma da ruwa ya ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya koma yana tsotso. Duk abin da ke kwance a bakin tsagar, ruwan kwata ne, fitsarin dabbobi ne, abin da ya tsatso daga masai ne, ciki yake shiga ya kwanta. In ruwa ya dawo sai ya kwaso shi ya kawo muku bakin famfo. Wannan shi ne ja-jan da warin da kake ji. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma washewar da yake yi bayan bokiti uku, ido ne ya ga ya washe, ƙwayar cuta ba a ganinta.

Don haka in kun tashi neman yoyo, ku fara da inda bututu ya ratsa kwata ko ya bi bayan masai ko turken dabbobi, ko da ba nan ne ya fi zubar da ruwa ba. Ita kanta rijiyar, kada a bar kowa ya haƙa masai kusa da ita, a ba ta aƙalla mita 30. A hau a duba murafen tankuna, na taɓa ganin wanda iska ta ɗauke murfinsa aka yi watanni ana shan ruwa da mushen ƙadangare a ciki. A wanke su da kulorin, a kuma wanke bututun duk inda aka yi gyara kafin a sake wa mutane. Ma'aikatan lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma sun san awon. Abin da ake so shi ne bayan minti 30 da zubawa a samu ragowar kulorin tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo.

Kafin a yi duk wannan, ka gaya wa matan unguwarku: ruwan sha na yara a tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta. Randa a rufe ta, moɗa guda a rataye, kada kowa ya tsoma kofin da ya sha da shi. Damina ta kusa, kuma a damina ne kwata ke cika.

Inna Mai Ƙosai:

Jikana ne ya karanta mini, na ce ya rubuta abin da zan faɗa.

Malam, a kwamitin naku mata nawa ne? In babu, to kun bar masu labarin a gida. Ku maza da safe kuna gona ko kasuwa. Yara ne da mu tsofaffi muke bakin famfo, matan aure kuma duk abin da ya faru yara na kai musu har ɗaki. Ka tara 'yan ajinka ka tambaye su, ina ne ciyawa take kore shar da rani? Ina ne awaki suke taruwa su sha ba a ba su ba? Ina ne agwagi ke kwana? Za su kai ka har wurin, ba sai ka kwana kana zura kara a tanki ba. Kuma sun san gidan da ba a taɓa ganin 'ya'yansa a layin ruwa ba amma kullum shanyarsu a cike da wanki.

Mu a garinmu sau uku famfo yana mutuwa muna komawa rijiya. Karo-karo in abu ya lalace ba ya yi, don ranar da ya lalace ranar ce ba kowa da kuɗi. Sai muka ce kowane wurin ɗiba a ba tsohuwa guda ta zauna, kowace jarka a jefa ɗan abin da ba zai gagari kowa ba. Marayu da gajiyayyu ba a karɓa. Da yamma a kai wa ma'aji, ran Juma'a a faɗa a bainar jama'a nawa aka samu, nawa aka kashe. Ita mai zaman a ba ta na goro. Ni na yi shekara huɗu a kan namu, ina suyata ina kallon famfo. Yaro bai isa ya rataya a kan famfo a gabana ba, ko ya ɗora jarka a wuyansa. Washa in ta cinye, ranar ake sauyawa, don kuɗinta yana cikin gwangwani.

Amma kada ku ba mutum ɗaya kuɗi da littafi. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban. Ba zargi ba ne, kare mutunci ne.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:

Malam, Allah ya yi maka albarka. Na yi aikin ruwa fiye da shekara talatin kafin in dawo ƙauyenmu a ƙasar Dawakin Kudu, kuma ina karanta labarinka ina ganin birni a cikin ƙaramin madubi.

Kano ta fara shan ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga gidan ruwa na Challawa. A kan Goron Dutse aka ɗora ma'ajiyar ruwa, saboda dalilin da mai gyaran nan ya faɗa maka: tsayi ke tura ruwa. Zamanin Audu Baƙo aka yi madatsar Tiga, aka gama a 1974. Ta Challawa da ke ƙasar Karaye ta biyo baya a 1992. Sabuwar matatar Tamburawa, nan kusa da mu, an gina ta ne don lita miliyan 150 a rana, ga kuma ta Watari. Duk wannan aikin samo ruwa ne da tace shi, kuma shi ake gani, shi ake yanke wa ƙyalle. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba mai zuwa buɗe shi. A kowane babban gari, namu da na wasu ƙasashe, tsakanin matata da bakin famfo ake asarar ruwa: tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye, wanda motar aikin titi ta fasa aka mayar da ƙasa aka rufe, bawul da aka zuba wa kwalta a kai, da jone-jonen da ba sa cikin littafi. Naku layi uku ne, na birni ɗaruruwa, amma ciwon iri ɗaya ne.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, taswira. Akwai wani dattijo da na yi aiki a ƙarƙashinsa, in ya tsaya a mararraba ya buga ƙafa ya ce a tona nan, to bawul yana nan. Ranar da ya rasu ilimin nan ya bi shi kabari, muka koma muna tona rami uku kafin mu dace. Kai malami ne, kana da takarda. Ka nemi waɗanda suka yi leburanci lokacin da ake binne bututun naku tun suna raye, ku bi layi da ƙafa, ka zana: daga kusurwar masallaci taku kaza, daga gindin tsamiya taku kaza, faɗin bututu inci kaza. Kowane bawul a gina masa ɗan akwati da bulo a sa murfi. Kuma a riƙa juya shi, a rufe a buɗe, ko da sau ɗaya a wata uku, in ba haka ba ranar da kuke buƙatarsa za ku tarar ya ƙage. Hucin iskar da kake ji a famfon tudu ma, in layin yana da wurin da ya yi doro, iska takan taru a nan ta tare ruwa. Akwai ɗan bawul na fitar da iska da ake sa wa a irin wurin. Bututun roba kuma ba ya son rana, ba ya son nauyi. Duk inda zaizaya ta tone shi ya fito fili, a mayar da shi ƙasa sosai, inda amalanke da mota ke ketarawa a zura shi cikin na ƙarfe.

Na biyu, a nan zan ɗan saɓa da ɗana mai gyara. Yanke jone-jone rana ɗaya na sha yi, da rakiyar hukuma ma. Bayan mako biyu da dare ake mayarwa, kuma mayarwar dare ta fi ta farko muni, don da ƙusa mai zafi ake huda bututu a ɗaure da robar taya. Mutumin da matarsa ta saba da ruwa a tsakar gida ba zai koma layi don an yi masa tsawa ba. Ku kira su, ku rubuta sunayensu, a sake musu jonin da kayan kirki a kan kuɗinsu, da ƙaramin bututu, a sa musu kuɗin wata mai ɗan nauyi, a kuma ba su lokaci. Wanda yake ban ruwan lambu ko buga bulo da ruwan sha, wannan kam a yanke, kuma dagaci ne zai faɗa da bakinsa. Sannan ku raba yini: da safe a rufe layukan ƙasa awa biyu a bar tudu ya sha lokacin da tanki yake cike.

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani, kwana goma sha shida ke nan. Baba, Inna, Malama, Injiniya, Allah ya biya ku.

Dagaci ya ba mu mako biyun, ko da yake wasu sun tashi daga taron suna cewa malamin makaranta ya zo da lissafi. Jarka ta cika a daƙiƙa 58 kafin mu wanke faranti. Da muka wanke, muka sare reshen darbejiya guda da ke rufe biyu daga ciki tun daga la'asar, washegari ta cika a 47. Akwatin kuma da aka buɗe, wayar nan a haɗe take kamar yadda Injiniya ya ce. An raba ta. Yanzu wajen ƙarfe biyu inji yakan tsaya da kansa ya huta ya tashi, kuma na sha bayani kafin mutane su yarda ba lalacewa ya yi ba.

Awon dare ni da ladan muka yi. Sai da muka hana gari ruwa yini ɗaya da rabi kafin tankuna su cika. Da asuba da na zaro karan nan na haska fitila, sai da na zauna a kan matakalar hasumiya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Fiye da jarka 250 a dare ɗaya, gari yana barci, 'yata kuma tana shirin tafiya fadama.

Rufe layi ɗaya-ɗaya bai yiwu ba yadda aka tsara, don bawul ɗin kasuwa ya ƙage, na tsakiyar gari kuma an gina rumfar shayi a kansa. Sai na bi ta Inna. Na tambayi 'yan aji biyar, hannu goma sha suka tashi. Suka kai ni bayan mahauta, inda motocin hatsi ke juyawa ranar kasuwa, ga ciyawa har gwiwa a watan da ko tsinke ba ya kore. Da muka tona, bututun ya dare kusan kamu guda, kuma taku uku ne tsakaninsa da kwatar mahauta. Malama, da na ga haka maganarki ce ta faɗo mini, ban iya cin abincin dare ba. Mun yanke wurin mun sa sabo, ma'aikacin lafiyar muhalli ya zo ya sa kulorin a tankuna, aka bar famfuna a buɗe har warin ya fita ta ko'ina.

Jone-jone mun samu goma sha ɗaya. Biyu na masu bulo ne, dagaci ya sa an yanke a gabansa. Ɗaya daga cikin sauran tara na gidan surukina ne, mahaifin matata. Na yi kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na je da daddare na durƙusa na gaya masa sunansa zai shiga littafi kamar na kowa. Ya yi shiru ya daɗe, ya ce in rubuta. Bai ƙara cewa komai ba, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Da na buɗe littafin kwamiti tun daga shafin farko, na ga a shekara shida ba mu taɓa kashe ko naira ɗaya a kan ruwan nan ba sai ranar da ya mutu. Da hannuna na rubuta kowane shafi. Yanzu an zaɓi tsofaffi mata tara, ma'aji kuma limamin unguwar kasuwa ne, littafi yana wurina.

Ranar Talata da hantsi, ruwa ya zo famfon farko na tudu da ƙarfinsa, har yara suna ihu. Na biyu yana zuwa rabi-rabi. Na ukun, wanda ke bakin lungunmu, har yanzu iska yake hurawa. Mun bi layin da ƙafa mun ga wurin da ya yi doro a kan wani dutse kafin ya gangaro wajenmu, kuma daga nan bututun ya koma ƙarami, inci ɗaya, alhali na baya inci biyu ne. Injiniya, bawul ɗin iskar za mu fara sa wa mu gani, ko mu haƙura mu sauya bututun gaba ɗaya? Tsawon wurin taku 140 ne da ƙafata. Ranar Asabar mai motar garinmu zai shiga Kano, ina so in ba shi saƙon tun daren Juma'a.